Bitar ƙaramin rediyo mai gajeren zango bayan shekara guda a kan teburin ɗalibi

Na sayi wannan rediyo a farkon shekarar 2024, kuma a lokacin labarai ba sa cikin lissafina. Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar sinadarai, jarrabawa ta gabato, sai na lura cewa duk lokacin da na ɗauki waya da niyyar kunna abin saurare yayin karatu, nakan farga bayan rabin awa ina ta jan allo da yatsa, littafi kuwa yana nan buɗe a shafin da na bar shi. Abin da nake nema shi ne na'urar da za ta ba ni sauti kawai, wadda saƙo ba ya shigowa cikinta, kuma ba ta neman a dube ta. Yanzu da ya shekara a hannuna, ina ganin na san shi sanin da zai ba ni damar faɗin abin da yake iyawa da inda ya gaza, musamman ga ɗalibin da sha'awar sanin halin da duniya take ciki ta fara shigarsa.

Rediyon bai wuce tafin hannu da yawa ba, kuma irinsa kamfanoni da dama ke ƙerawa da siffa kusan ɗaya. Yana kama zango uku: FM, matsakaicin zango da gajeren zango. Yana da ɗan allo mai nuna lambar tasha, da maɓallan lamba daga sifili zuwa tara, da eriya ta ƙarfe wadda ake zarowa a mayar, da batir mai caji wanda ake iya cirewa. Akwai agogo a jikinsa, da ƙararrawa, da tsarin da ke kashe shi da kansa bayan mintocin da mutum ya zaɓa. Lasifikarsa ta dace da magana, domin muryar mai karanta labarai tana fita tar, amma wanda yake neman kiɗa mai nauyi ba zai gamsu ba. A zangon FM, wanda ya tashi daga megahaz 87.5 zuwa 108, ban sami abin ƙorafi ba. A matsakaicin zango abu ɗaya ne ya kamata mai saye ya duba, wato tazarar da ke tsakanin tashoshi, domin a nahiyar Amurka kilohaz 10 ce, a sauran sassan duniya kuwa kilohaz 9, kuma idan aka bar saitin a kan wanda bai dace ba, rediyon zai riƙa tsallake tashoshi yana sauka a gefensu.

Gajeren zango shi ne dalilin wannan rubutu. Na faɗa cikinsa ne wani dare bayan na rufe littafi, na danna maɓallinsa don in ga abin da ke ciki, sai ga shuuu mai yawa, sannan can ƙarƙashinta muryar wata mata tana karanta labarai cikin harshen da ban sani ba. Na ci gaba da juya maɓallin a hankali, na wuce Larabci, na wuce Faransanci, na wuce wani harshe da daga baya na gane Sinanci ne, har na iso inda ake Turanci. Muryar tana zuwa da ƙarfi, ta yi nisa kamar za ta ɓace, sannan ta dawo. Na zauna riƙe da akwatin a hannu, kan eriyar yana taɓa gilashin taga, na saurari labaran duniya daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Ya kamata mai niyyar saye ya fahimci yadda wannan zango yake aiki, domin rabin ƙorafin da ake yi a kan irin waɗannan rediyoyi ba laifin na'urar ba ne. Igiyar FM tana tafiya kai tsaye, shi ya sa ba ta nisa sosai. Igiyar gajeren zango kuwa, wadda ke tsakanin megahaz 3 da 30, tana tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya mai suna ayonosfiya, mai nisan ɗaruruwan kilomitoci daga ƙasa, sai ta tanƙwaro ta sauka a wata nahiya dabam. Hasken rana ne yake sauya yanayin wannan sashe, saboda haka tashar da aka ji sarai da safe ba lallai a same ta a wuri ɗaya da dare ba. Da rana, sassan zangon da ake kira mita 19 da mita 16, wato wajen megahaz 15 da 17, sun fi kamawa, da dare kuwa sai a sauko mita 31 da 41 da 49, wato wajen megahaz 9 da 7 da 6. Wanda yake son gane alaƙar mita da megahaz sai ya raba 300 da lambar megahaz ɗin, amsar ita ce mitar. Bugu da ƙari, manyan tashoshin duniya suna sauya jadawalinsu sau biyu a shekara, a ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris da ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kuma suna faɗin lokutansu ne da agogon GMT. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma wannan gazawa ce babba, domin mai saye na farko zai ɗauka an sayar masa da mataccen abu.

Ni ma na taɓa ɗaukar haka. A ranakun 10 da 11 ga watan Mayun 2024, gajeren zango ya yi tsit gaba ɗaya, tashoshin da na adana duk suka ɓace, sai shuuu kawai. Na cire batir na mayar, na goge eriya, na fita tsakar fili, duk a banza. Washegari a labaran FM na ji cewa guguwar maganaɗisu daga rana ce ta bugi duniya, mafi ƙarfi tun shekarar 2003, kuma ta dagula sadarwar gajeren zango a wurare da yawa. Bayan 'yan kwanaki tashoshin suka dawo inda suke. Rana tana da zagayen kimanin shekara 11 na ƙaruwa da raguwar irin wannan tashin hankali, kuma shekarar 2024 ta faɗo a ƙololuwarsa.

Wajen kama tashoshi masu ƙarfi, wannan rediyo ya cika alkawari. Maɓallan lambar sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, domin idan mutum ya san lambar tasha sai ya danna ta kai tsaye, ba sai ya yi ta lalube ba kamar yadda ake yi da rediyo mai allura. Yana adana tashoshi masu yawa, fiye da abin da ɗalibi zai buƙata. Inda yake da rauni shi ne tashoshi masu nisa da muryarsu ba ta da ƙarfi: akwai wani tsari a cikinsa da ke rage sauti da kansa idan sigina ta yi ƙasa, da nufin kare kunne daga hayaniya, amma sakamakon shi ne yakan haɗiye muryar a daidai lokacin da mutum ya fi kasa kunne, kuma babu maɓallin kashe wannan tsari. Na rage matsalar da wata siririyar waya mai tsawon mita biyar, wadda na ɗaura a kan eriyar na rataye ta a bakin taga, sai tashoshin da a da nake jin su kamar raɗa suka fito sosai. Idan wayar ta yi tsawo fiye da kima kuma, tashoshi masu ƙarfi sukan mamaye maƙwabtansu, a riƙa jin murya biyu a wuri ɗaya.

Babban abokin gabar gajeren zango a ɗakin ɗalibi shi ne kayan lantarki. Cajar waya, da cajar kwamfuta, da wasu ƙwayayen fitila na zamani duk suna fitar da ƙugi da rediyon ke ɗauka. Cajarsa shi kansa ma haka take, don haka ba a iya sauraron gajeren zango yana jone da wuta, sai an cire shi. Abin da ya rage zafin wannan shi ne batirin yana daɗewa. Da sauraron kimanin awa ɗaya a rana, nakan yi fiye da mako ban nemi caja ba.

Abin da ya fi muhimmanci a gare ni shi ne abin da wannan akwati ya yi wa yadda nake bin labarai. Kafin in same shi, labari yana zuwa mini ne a gutsure, kanun labari ɗaya tsakanin hoton biki da bidiyon ƙwallo, kuma manhajar ce take zaɓar abin da zan gani gwargwadon abin da na taɓa tsayawa a kai. A rediyo kuwa akwai editan da ya zauna ya jera labarai bisa nauyinsu, kuma babu hanyar tsallakewa. Idan ana so a ji labarin da ke na huɗu, dole a saurari na ɗaya da na biyu da na uku, ko da sun shafi ƙasar da mutum bai taɓa tunaninta ba. Da farko wannan ya gundure ni. Bayan makonni kaɗan sai na lura cewa sunayen da na ji jiya suna dawowa yau, labarin da aka fara ranar Litinin yana samun ci gaba ranar Alhamis, har na fara jiran ƙarfe na labarai don in ji inda aka kwana.

Na yi sa'a da shekarar, domin 2024 shekarar zaɓuɓɓuka ce a manyan ƙasashe da dama, kuma kowane zaɓe ya bar ni da tambayar da ta tilasta mini bincike. Indiya ta yi zaɓenta a matakai bakwai daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, kuma da aka ce jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta sami kujeru 240 daga cikin 543, alhali ana buƙatar 272 don rinjaye, na ɗauka ya faɗi. Da na ji an rantsar da shi wa'adi na uku da goyon bayan ƙawayen jam'iyyarsa, a ranar na fara fahimtar ma'anar gwamnatin haɗaka. A Afirka ta Kudu, a zaɓen 29 ga Mayu, jam'iyyar ANC ta sami kimanin kashi 40 cikin 100, karon farko da ta gaza kai rabi tun 1994, kuma a nan na koyi cewa shugaban wannan ƙasa majalisa ce take zaɓensa, duk da sunan shugaban ƙasa da yake ɗauke da shi, shi ya sa sai da aka ƙulla yarjejeniya da wasu jam'iyyu kafin Cyril Ramaphosa ya koma kujerarsa.

Zaɓen Birtaniya na 4 ga Yuli shi ya fi tsaya mini a rai. Na kwana da abin ji a kunne don kada in tashi abokin ɗakina, ina rubuta alƙaluma a bayan littafin gwaje-gwajena. Jam'iyyar Labour ta sami kujeru fiye da 400 daga cikin 650 da kimanin kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u. Jam'iyyar Reform UK ta sami kimanin kashi 14 amma kujeru 5 kacal, yayin da Liberal Democrats, da kimanin kashi 12, ta tashi da kujeru 72. Na yi ta duba lissafin ina zaton ni na ji ba daidai ba. Da gari ya waye na nuna wa abokin ɗakina, wanda yake karatun shari'a, na ce masa, "Malam, dubi wannan, ta yaya mai ƙuri'a da yawa zai tashi da kujeru kaɗan?" Ya yi mini bayanin cewa a tsarinsu kowace mazaɓa gasa ce mai zaman kanta, wanda ya fi kowa ƙuri'a a cikinta shi ke ɗaukar kujerar ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, don haka jam'iyyar da magoya bayanta suka warwatsu a faɗin ƙasa tana iya zuwa ta biyu a wurare da yawa ta tashi hannu rabbana. Daga wannan hira na shiga karanta tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, irin na Jamus, inda a ƙa'ida jam'iyya take buƙatar kashi 5 cikin 100 kafin ta shiga majalisa. Lokacin da zaɓen Amurka na 5 ga Nuwamba ya zo, na riga na san cewa wakilan zaɓe 538 ne ke yanke hukunci, ana buƙatar 270, kuma na san cewa a 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3 amma ta sha kaye. Da aka kammala ƙidaya Trump yana da 312, Kamala Harris tana da 226, na iya bin yadda jihohi suka haɗa wannan adadi ɗaya bayan ɗaya. A watan Disamba kuma, da majalisar Faransa ta kifar da gwamnatin Michel Barnier da ƙuri'ar yanke ƙauna, karon farko tun 1962, ban buƙaci kowa ya fassara mini abin da ya faru ba.

Akwai wata fa'ida da ban yi tsammaninta ba, wadda kuma nake ganin ita ce mafi daraja. Tashoshin ƙasashe dabam-dabam suna zaune kusa da juna a kan zango ɗaya, juyi kaɗan ne tsakaninsu, don haka cikin awa guda mutum yana iya jin labari ɗaya daga bakuna uku. Sau da yawa alƙaluman sukan zo ɗaya, bambancin yana cikin abin da aka sa a gaba, da wanda aka ba dama ya yi magana, da kalmar da aka zaɓa. Mutanen da wata tasha ta kira 'yan tawaye, wata za ta ce mayaƙa, wata kuma ta ce 'yan ta'adda. Idan wata ƙasa ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yake da mambobi 15, biyar daga ciki na dindindin, wata tasha za ta fara da sunan ƙasar da ta hana ƙudurin wucewa, wata kuma ta fara da dalilin da ƙasar ta bayar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ya kamata mai saurare ya san gidan. Majalisar dokokin Amurka ce take ware kuɗin Muryar Amurka, wadda aka kafa a 1942. Deutsche Welle, wadda ta fara a 1953, daga kasafin gwamnatin tarayyar Jamus take samun nata. RFI tana ƙarƙashin kamfanin gwamnatin Faransa mai kula da watsa labarai zuwa ƙetare, BBC kuwa tana gudanar da sashenta na duniya da kuɗin lasisin talabijin da mutanen Birtaniya ke biya, haɗe da tallafin gwamnati. Sanin wannan bai sa na daina amincewa da aikin 'yan jaridunsu ba, domin akwai ƙwararru a cikinsu da ke sa rayuwarsu cikin haɗari don kawo rahoto, amma ya koya mini in tambayi kaina wane ne ba a ji ta bakinsa ba a cikin rahoton da na saurara. Masu jin Hausa suna da rabo mai tsoka a wannan tarihi, domin BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Deutsche Welle a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma a 2007.

Duk da haka, zan yi wa mai karatu rashin adalci idan na ɓoye cewa gajeren zango yana ƙanƙancewa. BBC, wadda ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙetare ta wannan hanya a 1932, ta daina aika su zuwa Arewacin Amurka da Ostireliya a 2001. Gidajen rediyon ƙetare na Kanada da Holan sun rufe nasu a 2012, na Ostireliya a watan Janairun 2017, kuma rediyon BBC na Larabci ya yi sallama a watan Janairun 2023 bayan shekara 85. Kula da manyan na'urorin watsawa yana cin kuɗi da wutar lantarki, masu saurare kuma suna komawa intanet. A ɗaya gefen, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, BBC ta dawo da shirye-shiryen gajeren zango zuwa yankin cikin watan Maris, saboda ana iya katse intanet ko a rushe hasumiyar sadarwa, amma da wuya a tare igiyar da ke saukowa daga sama, kuma babu wanda zai san abin da mai rediyo yake saurare. Don haka kafin mutum ya saya, ya kamata ya nemi jadawalin wannan kakar ya tabbatar cewa tashoshin da yake so suna aiko da shirye-shirye zuwa yankinsa.

Rediyo kuma ba ya isa shi kaɗai. Ba ya nuna taswira, ba ya nuna yadda ake rubuta suna, kuma abin da ya wuce ya wuce, ba a dawo da shi. Rahoton minti biyu yana faɗin abin da ya faru, amma ba kasafai yake da sararin faɗin abin da ya haifar da shi shekara ashirin baya ba. Hanyar da na bi ita ce na ajiye ƙaramin littafi kusa da shi, ina rubuta suna ko kalmar da ban gane ba, ranar Asabar kuma in shiga ɗakin karatu in bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan abin da na sani yanzu game da tsarin mulki daga wannan karatun Asabar ya fito, amma tambayoyin daga rediyon suka taso, kuma ban ga yadda da zan yi su ba idan ba don shi ba.

Game da ƙarko, jikinsa na roba ne mai kauri, ya faɗi daga tebur sau biyu bai fashe ba. Eriyar ce mai rauni: bayan wata takwas gindinta ya saki, ta daina tsayawa a inda aka sa ta, sai da na ɗaure ɗan ƙusan da ke riƙe da ita, kuma nakan sake ɗaure shi lokaci-lokaci. Rubutun da ke kan maɓallan da na fi dannawa ya fara gogewa, hasken allon kuma yana mutuwa da sauri, abin da ke wahalar da mai neman tasha cikin duhu.

Ina ba da shawararsa ga ɗalibin da yake son ya san duniya amma ya ga waya tana cinye masa lokaci ba tare da ta bar masa abin riƙewa ba, matuƙar yana da haƙurin koyon mitoci da lokuta a makonnin farko. Wanda yake zaune a tsakiyar babban gini mai cike da kayan lantarki, ba shi da taga mai kallon fili, zai sha wahala da gajeren zango, gara ya nemi mai eriya ta musamman ko ya tsaya a FM. Ga wanda zai saya, ina ganin ya dage a kan mai allon lamba da maɓallan dannawa kai tsaye, ya tabbatar gajeren zangonsa ya kai daga megahaz 6 zuwa 18 ba tare da giɓi ba, ya kuma tambaya ko ana iya kashe tsarin rage sautin nan, domin da na san da shi tun farko da na nemi wanda yake da maɓallinsa. Nawa yana nan a bakin taga da wayarsa a ɗaure, kuma na riga na ware shafi a littafin don sababbin lambobin da tashoshi za su koma idan jadawali ya sauya a ƙarshen Maris.